Shanyar Bayan Ƙofa

Yau ba sanarwar taro ko ta kuɗin wata na zo da ita ba. Maganar mata ce, amma maza ma kada su wuce, don yawanci ku kuke biyan kuɗin magani. Na daɗe ina jin nauyin rubuta ta, sai dai na ga abin da ya same ni shekara ashirin da suka wuce yana neman komawa kan 'ya'yanmu.

A 2004 aka kawo ni Agege daga Funtuwa. Ɗaki ɗaya muka kama a Zango, irin gidan hayar nan mai ɗakuna suna kallon juna: ɗaki goma sha biyu, banɗaki biyu, igiyar shanya ɗaya a hanyar da kowa ke wucewa. A gidanmu na can tsakar gida ta mata ce, namiji ba ya shiga sai da sallama, kuma ko a inuwa ka yi shanya kafin la'asar ta bushe. A nan kuwa ina ni ina rataye kamfai a inda mazan maƙwabta ke giftawa? Sai na kafa ƙusa a bayan ƙofa, in na wanke in rataye, in rufa tawul a kai. Duk wanda ya san daminar Legas ya san watan Yuni da Yuli ana iya kwana uku ba a ga rana ba. Haka zan ɗauko shi da sanyi-sanyinsa in sa, in ce zafin jiki zai ƙarasa busar da shi. Su kansu kamfan duk na leda ne masu santsi da leshi, waɗanda aka zubo mini a lefe.

Ban cika shekara ba ƙaiƙayi ya fara, da wani farin ruwa mai gudaji kamar nonon da ya tsinke. Duk wadda na yi wa raɗa sai ta ce sanyi ne, a banɗaki na ɗauka. Na sayi fo nawa ni kaɗai. Na ɗora wa wata maƙwabciyata laifin ƙazanta, muka yi wata biyar ba ma gaisawa, baiwar Allah ba ta ci ba ba ta sha ba. Na sha kafso daga kyamis ya fi sau shida, abu ya lafa kwana biyu ya dawo da ƙarfinsa. Na zauna a ruwan bagaruwa, na yi tsarki da ruwan Dettol, na yi matsin miski. Da duk suka ƙi, sai zuciya ta koma kan maigidan. Harkar shanu yake a Oko-Oba, yakan yi mako biyu a hanyar Arewa. Ban taɓa furta masa ba, amma ya ga canji a fuskata, har ya kai ƙara wajen yayata.

Ina da ciki na biyu aka yi mini gwaji a wajen awo. Wata dattijuwar nas da ta taɓa aiki a Kaduna, tana jin Hausa, ta duba takardar ta ce, "'Yata, wane irin kamfai kike sawa, kuma ina kike shanya shi?" Kunya ta kama ni kamar in nutse. Ta ce in ɗago kaina, ita ma mace ce.

Ga abin da ta fahimtar da ni. Ƙwayar da ke damuna dangin yis ce, likitoci na kiranta Kandida. Tana zaune a jikin mata da yawa ba tare da ta yi komai ba, domin Allah Ya halicci wasu ƙwayoyi masu amfani a gaban mace da ke sa wurin ya yi ɗan tsami, su hana ta yawa. Zafi da laima ne ke ba ta dama. Haka ciki, da ciwon suga, da shan kafso barkatai, don shi yana kashe masu amfanin ne ya bar mata fili. Wanke ciki da sabulu ko Dettol ma haka yake yi. Kusan mace uku cikin huɗu sai ta gamu da wannan ko sau ɗaya a rayuwarta. Ba a bakin masai ake kwasarta ba, kuma ba shaida ba ce cewa miji ya yi wani abu. Ashe duk abin da nake yi da sunan magani ƙara wa wuta itace nake yi.

Ta ba ni maganin da ya dace da mai ciki, sannan ta ce in canza abu uku.

Na farko yadi. Auduga, wato kotin, tana shan gumi tana barin iska ta ratsa, leda kuwa riƙe shi take yi. Ku tuna yadda muke fita: kamfai, tayit, siket, zani, hijabi, sannan a zauna awa biyu a danfo cikin gosulo daga Pen Cinema zuwa Oshodi. In ba a samu kotin zalla ba, a duba ƙyallen tsakiyar ya zama na auduga. Mai shago zai rantse miki kotin ne, to in kin je gida ki ɗiga masa ruwa: auduga na shanyewa nan take. Ko ki zare zare ɗaya ki kusanta shi da ashana: na auduga zai ƙone ya bar toka kamar takarda, na leda zai narke ya dunƙule.

Na biyu girma. Wanda robarsa ke barin shata a cinya ya yi kaɗan. Da dare kuma a bar jiki ya sha iska, zani ko fatari ya isa.

Na uku, wanda ya fi mini wuya, shanya. A wanke shi shi kaɗai da sabulu marar ƙamshi, a ɗauraye sosai, ya bushe ƙayau a rana. In damina ta hana, a goge shi da dutsen guga. A mallaki aƙalla bakwai, don wadda ke da uku dole wata rana ta sa ɗanye. In an yi gumi a canza, ko da sau biyu ne a yini.

Maganar gwanjo kuma, dukkanmu muna zuwa Katangowa, ba abin kunya ba ne, ni ma rigunan sanyin yarana can nake saya. Amma kamfai dai a daure a sayi sabo. Gana ma tun 2011 ta fara aiwatar da dokar hana shigo da kamfai na gwanjo. Araha ba ta ado, balle a wannan wurin.

Abin da ya sa na tuno duk wannan: a ƙarshen 2018 zuwa 2019, da jita-jitar satar kamfai don tsafi ta cika gari, har waɗanda ke shanya a waje suka koma ɗaki, da yawa ba su sake fitowa ba har yau. Kwanaki ina gyaran ɗakin 'yan mata na tarar da kamfai biyu da laimarsu a ƙarƙashin katifa. Ban yi faɗa ba, don na san wa suka gado. Mu matan gidan muka haɗu muka sami mai gidan haya, ya ba mu lungun baya inda rana ke sauka da hantsi. Muka ɗaura igiya, muka kare da buhu. Abin da muka kashe bai kai kuɗin kafso zubi ɗaya ba.

Kada a ce na ce kamfai magani ne. In akwai wari, ko ruwan ya zama kore ko ruwan ɗorawa, ko ciwon mara, ko zazzaɓi, ko jini ba lokacin al'ada ba, a tafi asibiti a yi gwaji, don akwai cututtukan da dole a yi wa mata da miji magani tare. Wadda abin ke yawan dawo mata ta sa a auna mata suga. Yarinya kuma in ta zo da ƙorafin ƙaiƙayi, a fara duba abin da take sawa kafin a fara zarginta, in ba haka ba gobe ba za ta faɗa ba.

Maƙwabciyar nan tawa na je na ba ta haƙuri kafin su tashi. Maigidan kuwa sai bayan shekaru na gaya masa abin da na taɓa sa wa raina. Ya yi shiru, ya ce Allah Ya yafe mana baki ɗaya.

Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. Wadda ta karanta ta karanta wa wadda ba ta iya ba. Allah Ya ba mu lafiya da zama lafiya, amin.

Taku, Sakatariya.