Kishiya, je ki karɓo katinki

Kishiyata, an ce min kin rantse ba za ki karɓi katin zaɓe ba, wai layi ya yi tsawo, kuma 'yan siyasa duk kanwar ja ce. Ban ce kin yi ƙarya ba. Gwamnatoci nawa na gani sun zo sun wuce, famfon unguwarmu yana nan a bushe. Amma matso ki ji.

Da aka sami 'yancin kai a 1960, matan Kudu suna jefa ƙuri'a, mu na Arewa namu shi ne dafa wa masu zuwa rumfar zaɓe abinci. Sai a 1976 aka buɗe mana ƙofa. Kada ki ɗauka mu kaɗai aka yi wa haka: Suwizalan, can cikin Turai, sai a 1971 matanta suka sami damar zaɓen ƙasa.

Ba kyauta aka ba mu ba. Hajiya Gambo Sawaba ta Zariya ta shiga NEPU, jam'iyyar Malam Aminu Kano, tun tana yarinya. Tana tara mata, tana yi musu magana kan auren wuri da karatun 'ya'ya mata da ƙuri'a. An yi mata duka, an kai ta kurkuku ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba, ta fito ta ci gaba. Abin da ya fi ba ni haushi, har mata 'yan'uwanta akwai masu ce mata marar kunya. Ta rasu a 2001, Allah ya jiƙanta. Yau babban asibitin Ƙofar Gayan sunanta yake ɗauke da shi, jikokin masu zagin nata a can suke haihuwa.

A zaɓen 1979 na tsaya a layi da uwarki a goye, rana tana dukanmu. Tsohuwar da ke gabana ba ta san bihim ba, amma ta san alamar jam'iyyarta. Da ta dangwala, sai ta fito tana ɗaga babban yatsa mai tawada, tana guɗa kamar an kawo amarya.

'Yan siyasa za su zo miki da taliya da sabulu da turmin atamfa. Taliyar ba ta kai mako, ɗan takarar kuwa shekara huɗu zai yi a kujera. Ki tambaye shi maganin asibiti da malaman makarantar 'yan mata, ki kalli idonsa sa'ad da yake amsawa.

Gobe bayan sallar asuba ki biya ki ɗauki matar yayanki, ita ma ba ta da katin. Ku tafi da ruwan sha da lema. Ku bar min yaran, zan dama musu koko.