Jirgin da Ya Yi Dogon Barci

A ƙasar Ingila akwai wata sha'awa da kan ba baƙo mamaki, wato a ga dattijo mai furfura ya duƙufa a kan jirgin ƙasa na wasa, yana lallaɓa shi kamar jinjiri. Ba irin abin wasan da yaro kan ja da zare ba ne, kamar motar kara ko ta langalanga. Jirgi ne sosai da aka ƙanƙanta, yana da kansa da taragunsa da layin dogonsa, kuma wutar lantarki ce ke tafiyar da shi. Daga cikin waɗanda suka fi shahara akwai ƙirar Hornby Dublo, wadda kamfanin Meccano ya fara fitarwa a shekarar 1938 daga masana'antarsa da ke titin Binns a birnin Libaful, shekara 2 bayan rasuwar Frank Hornby, mutumin da ya kafa kamfanin. An rage girman jirgin gaske sau 76, faɗin dogon kuwa milimita 16.5 ne kacal. An daina ƙera irinsa a 1964, ita ma masana'antar aka rufe ta a 1979. Saboda haka duk wanda ke da ɗaya a hannu ya san idan ya lalace babu kantin da zai je ya sayo sabo.

Wani dattijo a nan Libaful, wanda ya yi ritaya daga aikin akawu, ya haura shekara 70 lokacin da yayarsa ta rasu. Ita ce ta zauna a gidan iyayensu har ƙarshen rayuwarta. Da aka zo kwashe kaya don a sayar da gidan, sai aka tarar da wani kwali a saman silin, ƙarƙashin rufi, inda sanyi da laima da zafi suka yi ta karɓa-karɓa a kansa fiye da shekara 50. Tun kafin a buɗe shi dattijon ya san abin da ke ciki. Kan jirgi ne kore, tsawonsa bai wuce na rular 'yan makaranta ba, an rubuta masa suna a kuiɓi, Duchess of Montrose, da lamba 46232. Kamfanin ya fitar da wannan samfuri a 1953. Jirgin gaske mai wannan suna an ƙera shi a garin Kuru a 1938, ya yi aiki da gawayi da tururi har zuwa 1962, daga nan aka sallame shi aka yayyanka ƙarfensa. Babban ya tafi, ƙaramin ya saura a cikin kwali.

Mahaifin dattijon lebura ne a tashar jiragen ruwa, mutum mai ƙarancin magana. Ya yi watanni yana tara kuɗi kafin ya sayi jirgin, kuma ya kafa masa doka: ba a fito da shi sai ranar Lahadi bayan abincin rana, ba a kuma taɓa shi in ba ya nan. Wata rana, yaron yana da shekara 10, uban ya tafi aikin dare, sai ya karya dokar. Ya shimfiɗa dogon a kan kafet, ya ga jirgin yana tafiya da nawa, ya ɗauko man keke ya tuttula masa a ciki. Jirgin ya yi zagaye biyu ko uku, ya tsaya cik, hayaƙi ya fito, ƙauri ya cika ɗaki. Yaron ya mayar da shi cikin kwali jikinsa na ɓari, ya kwana bai runtsa ba. Ranar Lahadi uban ya fito da jirgin kamar kullum, ya ɗora shi a kan dogo, jirgi kuwa ya tashi lafiya lau. Yaron ya ɗauka sa'a ce ya taka. Bai faɗa ba, ba a kuma tambaye shi ba, har uban ya bar duniya.

Yanzu ga jirgin a kan teburin cin abinci, ga kuma jikarsa 'yar shekara 12 ta ƙura masa ido.

"Kaka, mu jona shi mu gani mana," in ji ta.

"Tsaya tukuna, jikalle," in ji shi.

Haƙiƙa shi ma ransa ya biya. Amma ya riga ya taɓa jin ƙaurin nan sau ɗaya, ba ya kuma son ya sake jin sa. Sai ya nemi wasu dattawa da ke haɗuwa a unguwarsu, 'yan ƙungiyar masu tara jiragen Hornby, wadda aka kafa tun 1969. Abin da suka fara gaya masa bai shafi jirgin ba, ya shafi taransifomar da ke cikin kwalin. Ita ce ke karɓar wutar gida, mai ƙarfin bolt 230, ta rage ta zuwa bolt 12 da jirgin ke buƙata. Wutar dogo ba ta yi wa mutum illa, amma ta bango tana kisa. Wayar tsohuwar taransifoma da roba aka naɗe ta, roba kuwa in ta tsufa bushewa take yi ta farfashe, ga shi akwatin na ƙarfe ne. Da dattijon ya lanƙwasa wayar kaɗan, sai robar ta zube kamar busasshen ɓawon itace, jan ƙarfe ya bayyana tsirara. Nan take ya yanke fulogin don kada wani ya yi kuskure, ya ajiye taransifomar a kan kanta a matsayin kayan tarihi. Ya sayi sabuwa, irin wadda ke yanke wuta da kanta idan wayoyi suka haɗu.

Daga nan sai aka shiga aikin da ya ci makonni. A nan ne wata matsala ta kunno kai, wadda dattijon ya daɗe yana ɓoyewa: hannunsa ya fara rawa. Ya yi sau uku yana ƙoƙarin saita sukudireba a kan 'yar kusar da ta riƙe gangar jikin jirgin, tana zamewa. A karo na huɗu ta kusa kankare fenti. Ya ajiye ta, ya yi shiru. Yarinyar ba ta ce komai ba, ta ɗauka ta kwance kusar. Tun daga ranar aiki ya rabu biyu, shi ne baki, ita ce hannu.

Abin da ya fara hana ta shi ne tura jirgin da hannu. Mai karatu zai iya cewa ai ba laifi a gwada ko ƙafafun suna juyawa. To, ƙirar ba ta yarda da haka ba. Injin yana juya wani sanda mai murɗaɗɗen zare kamar na kusa, zaren ne ke tura haƙoran giyar da ke jikin ƙafafu. Sandan na iya juya giya, amma giya ba ta iya juya sandan. Wanda ya danna ya tura da ƙarfi, ko dai ya cinye haƙoran, ko ya gocar da ƙafafun daga saitinsu. Abin da ake yi shi ne a juya cikin injin da ɗan yatsa a hankali, a ji ko yana tafiya. Yarinyar ta gwada, ya ƙi motsi. Giris ɗin da aka shafa tun zamanin uban ya daskare, ya koma kamar busasshen ƙaro. Da a ce an ba shi wuta a wannan hali, injin zai yi ta yunƙuri ba ya juyawa, wutar ta koma zafi, siririyar wayar da aka naɗe a cikinsa ta ƙone cikin ɗan lokaci. Sauri ya haifi nawa ke nan.

Da tsinken sakace da auduga da sifirit ta bi haƙoran giyar ɗaya bayan ɗaya. Ta sa matsefata ta zaro gashi da zaren kafet da suka nannaɗe a bayan ƙafafu. Ta duba ƙarfen jikin ko ya tsattsage, domin akwai wata cuta da kan kama gamin tutiyar da aka zuba waɗannan jirage da shi, idan darma ta gurɓata shi tun wajen narkawa: ƙarfen ya kumbura, ya tsage, ya ruɓuɓɓushe, babu kuma magani. An fi samun ta a jiragen da aka yi kafin Yaƙin Duniya na Biyu. Nasu dai ya tsira.

Wurin da ya fi bukatar natsuwa shi ne wani ɗan zoben jan ƙarfe da ke jikin sandan injin, wanda aka raba gida-gida da siraran tsagogi. Wasu 'yan gutsattsarin gawayin kabon guda biyu, waɗanda makanikai ke kira burushi, su ne ke gogar zoben suna ba shi wuta. Garin kabon kan cika tsagogin, musamman in ya haɗu da mai, sai wuta ta riƙa tsallakawa inda bai kamata ba. Wannan shi ne ainihin abin da ya faru a daren da yaro ya tuttula man keke, ko da yake bai sani ba sai yanzu. Yarinyar tana cikin share tsagogin da tsinke, domin allura kan karce jan ƙarfen, sai ta tsaya.

"Kaka, dubi nan. Wannan liƙin ba irin sauran ba ne."

Ya sa tabarau, ya matso da fitila. Duk inda aka liƙa waya da darma a cikin injin, liƙin ƙarami ne, sumul, aikin masana'anta. Guda ɗaya ne ya fita daban: curarre, mai kauri, ya ɗan karkace, irin na wanda ya yi aiki da manyan yatsu da kayan aro. Dattijon ya daɗe yana kallonsa. Ashe uban ya dawo daga aikin dare ya ji ƙaurin, ya buɗe kwalin, ya wanke man, ya liƙa wayar da zafi ya ɓalle, ya mayar da komai yadda yake. Shekara 60 da ɗoriya yana ɗaukar abin a matsayin sirrinsa shi kaɗai, ashe su biyu ne ke riƙe da shi.

Yarinyar ta tambaya ko a narke liƙin a sake shi da kyau. Ya ce a bar shi, ai yana riƙe.

Da aka zo sa mai, dattijon ya tsananta ƙwarai, har abin ya ba ta dariya. Ba a ɗiga shi daga kwalba. Ana tsoma bakin allura ne a mai marar kauri, a dangwala a inda ƙarfe ke juyawa cikin ƙarfe, ɗigo ɗaya, a goge abin da ya saura. Zoben jan ƙarfe da burushi da tafin ƙafafu kuwa ba sa son mai ko kaɗan. Dogon ma ya sha gyara. Irin nasu mai layi uku ne: wuta na shiga ta layin tsakiya, wasu 'yan ƙarafa masu kama da cokali a ƙarƙashin jirgin su kwashe ta, ta koma ta ƙafafu. Tsatsa ta ci wasu guntaye, aka ware su. Sauran aka goge da tsumma da sifirit. An gargaɗe su kada su kusantar da soson ƙarfe, saboda burbushinsa kan zube, maganaɗisun da ke cikin injin ya zuƙe shi zuwa ciki.

Ranar gwaji ba su ɗora shi a kan dogo ba. Suka kifar da shi a kan soso, ƙafafu a sama, suka taɓa masa wayoyi biyu, yarinyar ta murɗa wuta kaɗan-kaɗan. Ya yi gurnani, ya yi tari, ƙafafu suka fara juyawa, sandunan da suka haɗa su suna kai da komo. Ta yi tsalle. Shi kuwa ya ɗora bayan yatsa a jikin injin, bayan minti biyu ya ce ta kashe. Ya yi zafi fiye da kima.

Murna ta koma ciki. Dattawan ƙungiyar ba su yi mamaki ba, suka ce maganaɗisun ne ya gaji. An yi shi da gamin alminiyam da nikel da kobal da baƙin ƙarfe, kuma yakan yi rauni. In ya raunana, injin kan sha wuta da yawa don ya yi aiki kaɗan, rarar ta zama zafi. Dattijon ya ce to bari ya ciro shi ya kawo musu, suka ce kul. Irin wannan maganaɗisu, da zarar an raba shi da ƙarafan da ke rungume da shi, wani ƙarfin nasa ke ƙara zubewa. Wasu kan musanya shi da na zamani mai suna niyodimiyam, wanda ba ya gajiya da wuri, sai dai masu sha'awar sun rabu a kansa, domin akwai masu ganin ƙarfinsa ya yi wa tsohon inji yawa. Dattijon ya zaɓi a bar masa nasa. Wani daga cikinsu yana da na'urar da ke mayar wa maganaɗisu ƙarfi yana nan a mazauninsa. Aka kai injin gaba ɗaya, aka danna maɓalli, aka ji ƙas. Aikin da suka yi kwana 10 suna fargabarsa bai ɗauki daƙiƙa ɗaya ba.

Ranar Lahadi bayan abincin rana suka haɗa dogon a kan tebur, ba a kan kafet ba. Yarinyar ta ɗora kan jirgin shi kaɗai, ba tarago, ta tabbata kowace ƙafa ta hau layi. Ta miƙa wa kakanta abin murɗa wuta. Ya dubi hannunsa, ya tura mata. Jirgin ya ɗan yi jim, sa'an nan ya ja jiki, ya shiga kwana, ya miƙe, ƙanshin ɗumin mai da lantarki ya tashi, wanda dattijon bai shaƙa ba tun yana saurayi. Suka bar shi yana zagayawa a hankali minti 10 gaba, minti 10 baya. Ta tsayar da shi, ta ɗora bayan yatsa a jikinsa yadda ta ga yana yi.

"Ɗumi ne kawai, Kaka."

"To, ɗaura masa tarago ɗaya," in ji shi. "Ɗaya tak."