Ƙwayoyin Da Na Ɓoye A Ƙarƙashin Katifa

A finafinan mu da littattafan mu ciki ba shi da wuya. Amarya ta ruga banɗaki ta yi amai, ko ta yanke jiki ta faɗi a falo, likita ya fito ya na murmushi ya ce, "Alhaji ina taya ka murna." Sai kuma a nuno mu ranar suna. Ni ma haka na ɗauki abin, har sai da cikin fari ya zo mani.

Ina wata huɗu na fara zuwa awo. Aka ɗebi jini na, aka ba ni wasu jajayen ƙwayoyi da ƙanana rawaya. Kwana uku na sha na bari, don tashin zuciya su ke sa ni, ga shi gwaggo na ta ce su ne ke sa ɗa ya yi ƙato a sha wuya wajen haihuwa. Duk wata in an ba ni sai in cusa su ƙarƙashin katifa. Ni dai a bar ni da farar ƙasa da ƙanƙara, ina ta gurgura, da shayi mai kauri bayan kowane abinci.

Da na shiga wata na shida wata dattijuwar nas ta dubi kati na, ta ja fatar ido na ƙasa, ta ce, "'Yar nan, faɗa mani gaskiya, ki na shan maganin ki?" Na yi tsuru-tsuru. Ta nuna mani lambar himogulobin ɗi na: 8 da 'yan kai. Ta ce mai ciki in ta gaza 11 ta shiga sahun masu ƙarancin jini. Sannan ta faɗi maganar da ta hana ni barci: "Ke ki na ganin jiri ne kawai. To ƙwaƙwalwar ɗan ki da wannan ƙarfen ake gina ta."

Daga baya na bi diddigi, na tarar ba tsorata ni ta yi ba. Sinadarin ƙarfe na cikin jini shi ke kai iska ga jariri, kuma da shi ake yin rufin da ke naɗe jijiyoyin ƙwaƙwalwa, kamar robar da ke jikin wayar lantarki. Akwai ma wani awon da ake kira feritin, mai nuna abin da ya rage a rumbu, domin rumbun kan ƙare tun kafin himogulobin ya faɗi. Kwaɗayin ƙasar nan da na ke yi alama ce ta ƙarancin, shayin kuwa tare ƙarfen abinci ya ke yi ya hana shi shiga jiki. 'Yan rawayan su ne folik asid, waɗanda babban aikin su tun a makonni huɗu na farko ne, lokacin da bututun da zai zama ƙwaƙwalwa da laka ke rufewa. Wannan jirgin ya wuce ni tun ban san ina da ciki ba.

Abin da ya fi girgiza ni shi ne binciken da aka buga a 2019 daga cibiyar Karolinska ta ƙasar Suwidin, kan yara sama da 500,000. Sun ga cewa iyayen da aka gano ƙarancin jinin su kafin mako na 30 sun fi yawan haifar yara masu raunin fahimta ko rashin natsuwa. Amma fa ƙarin haɗari ne, ba hukunci ba. Mafi yawan yaran lafiya lau su ka tashi. Na karanta wannan layin ya fi sau goma.

Ran da na dawo daga wajen nas ɗin na ɗaga katifa a gaban maigida. Ya ƙirga ledojin, bai ce uffan ba, ya fita ya dawo da hanta da lemon zaƙi. Aka koma ba ni ƙwayar da daddare, shayi kuwa sai an jima da cin abinci. Gwaggo ta yi fushi na mako biyu.

Yarinyar ta na aji uku yanzu, baki kamar rediyo. Amma wallahi har yau in ta yi jinkirin amsa lissafi, sai na ji gaba na ya faɗi, in tuno ledojin nan.