Auna Ingancin Rayuwa Tsakanin Ƙasashe da Matsayin Sakkwato a Lissafin

Da kuɗi aka fara auna ingancin rayuwa tsakanin ƙasa da ƙasa. Masana tattalin arziki sukan haɗa darajar duk abin da ƙasa ta samar a shekara, tun daga amfanin gona har man fetur, su raba da yawan jama'a, abin da ya fito su kira shi rabon kowane mutum. Raunin wannan hanya ya bayyana a Najeriya a watan Afrilun 2014, lokacin da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta mayar da shekarar da take ɗora lissafinta a kai daga 1990 zuwa 2010. Rana ɗaya tattalin arzikin ƙasar ya tashi zuwa kimanin dala biliyan 510, ya zarce na Afirka ta Kudu. Gyaran daidai ne, domin ya shigo da harkar wayar salula da ta fina-finai waɗanda tsohon lissafi bai ba su haƙƙinsu ba. Sai dai magidanci a Ƙofar Atiku cikin birnin Sakkwato ya wayi gari farashin tiyar gero na nan yadda ya bar shi.

Irin wannan giɓi ne ya sa Mahbub ul Haq, masani ɗan Pakistan, tare da Amartya Sen na Indiya, suka tsara ma'aunin ci gaban ɗan Adam, wanda Majalisar Ɗinkin Duniya ta fara wallafawa a 1990. Abu uku yake dubawa: tsawon rai, shekarun karatu, da kuɗin shiga bayan an daidaita shi da abin da yake iya saye a kasuwar gida. A rahoton 2020 Norwe ce ta ɗaya cikin ƙasashe 189, Najeriya ta 161, Nijar ta ƙarshe.

Wanda ya san hanyar Illela zai yi jim da wannan jeri. Tsakanin Illela ta Jihar Sakkwato da Birnin Ƙonni na Nijar tafiyar 'yan mintoci ce; harshe ɗaya, damina ɗaya, auratayya da cinikayya ba su taɓa yankewa ba. A takarda kuwa matakai 28 ne suka raba mutanen garuruwan biyu, saboda an cakuɗa na Illela da na Legas da Fatakwal an fitar da matsakaici guda. Matsakaicin ƙasa mai mutum sama da miliyan 200 yana ɓoye abu mai yawa, kuma talakan Arewa maso Yamma ne ya fi ɓacewa a cikinsa.

Alƙaluman cikin gida sun fito da abin da ya ɓuya. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta fitar a 2020 ya ɗauki naira 137,430 a shekara a matsayin iyakar talauci. A lokacin kashi 40 cikin 100 na 'yan Najeriya suna ƙasa da ita. A Legas kashi 4.5 ne, a Jihar Sakkwato kusan kashi 88. A watan Nuwamban 2022 hukumar ta sake awo da wata hanya wadda masana a Jami'ar Oxford suka assasa. Ita wannan hanya gida take shiga ta tambaya: da me ake girki, daga ina ake ɗebo ruwa, akwai makewayi, yara na zuwa makaranta, minti nawa ne zuwa asibiti, an taɓa kwana da yunwa. Mutum miliyan 133, wato kashi 63, suka faɗa cikin talauci mai fuskoki da yawa. Ondo ta tsaya a kashi 27, Sakkwato ta haura 90. Lamba ce mai nauyi ga jihar da take cibiyar Daular Usmaniyya, kuma amfaninta shi ne tana nuna wa hukuma inda za ta sa hannu, rijiya ce ko aji ko ɗakin shan magani. Ya kamata a tuna cewa adadin na jiha ne baki ɗaya, ƙauyuka suka fi rinjaye a ciki, don haka ba hoton unguwannin birni ba ne kai tsaye.

Akwai kuma awon da ke tambayar mutum da bakinsa. Rahoton farin ciki na duniya, wanda aka fara a 2012, yana sa mutum ya ba rayuwarsa maki daga sifili zuwa 10, kuma tun 2018 Finlan ke kan gaba. A 2003 wani binciken ya sa 'yan Najeriya a sahun farko na masu cewa suna farin ciki. Irin wannan amsa tana buƙatar lura a ƙasar Hausa, inda tarbiyya da addini suka hana mutum kai ƙarar halinsa ga baƙo, ko da bai ɗora tukunya ba zai ce alhamdu lillahi. Zumunci da ciyayyar maƙwabta suna rage raɗaɗin rashi ƙwarai, amma ba sa dawo da jaririn da zazzaɓin cizon sauro ya ɗauke.

Dukkan waɗannan ma'aunai sun dogara ga sanin yawan jama'a. Ƙidayar ƙarshe a Najeriya an yi ta ne a 2006, wadda aka shirya yi a 2023 kuma aka ɗage, saboda haka duk adadin da ake rabawa a kan kowane mutum a yau bisa kiyasi yake.