Renzo Da Lucia: Labarin Soyayyar Da Ya Koya Wa Italiya Magana

Yau ba ci gaban labari na kawo muku ba, a yi mini afuwa. Wani littafi ne na mutanen Italiya ya tsaya mini a rai, na ga gara in amayar da shi a nan in huta.

Ga yadda labarin yake. Akwai wani saurayi talaka masaƙin siliki, sunansa Renzo, da budurwarsa Lucia, 'yar ƙauyensu a gefen tafkin Como, daga ita sai mahaifiyarta. An sa rana, ana gobe ɗaurin aure, ashe wani mai hannu da shuni a yankin, Don Rodrigo, ya riga ya ƙyalla ido ya ga yarinyar, har ya sa caca da ɗan uwansa a kan sai ya same ta. Ya tura 'yan dabarsa suka tare limamin cocin da zai ɗaura auren, suka ja masa kunne. Limamin kuwa matsoraci ne na ƙin ƙarawa, ya shiga kame-kame. Daga nan masoya suka gudu, suka rabu, aka yi yunwa, aka sace Lucia, annoba ta faɗa wa birnin Milan a 1630 ta yi awon gaba da Don Rodrigo, sannan aka ɗaura aure.

Don Allah wanda ya saba da littattafanmu, ba zai rantse a rumfunan kasuwar Sabon Gari aka sayo wannan ba? To sunan littafin I Promessi Sposi, wato waɗanda aka yi wa baiko, na Alessandro Manzoni. Ni a fassarar Turanci na karanta shi, da ƙamus a gefena, ya ci mini wata biyu. A Italiya har yau ana karantar da shi a makarantun sakandare, kuma da Manzoni ya rasu a 1873, Verdi, babban mawaƙin ƙasar, ya tsara masa kiɗan makoki na musamman. Idan na tuna yadda wani malami ya taɓa kallon littafina a wani taro ya ce ai "irin na 'yan mata ne", sai in yi murmushi kawai.

Amma abin da ya fi ɗaukar hankalina maganar harshe ce. A zamanin Manzoni babu ƙasa guda mai suna Italiya, ƙananan dauloli ne, kowane yanki da karin harshensa, kuma bambancin ya wuce na Kananci da Sakkwatanci nesa ba kusa ba. Mutumin Sisili da mutumin Milan sai su yi ta kallon juna. Italiyancin da ake rubutu da shi ya samo asali ne daga harshen Fulorans, garin Dante wanda ya rasu a 1321, amma ya zama harshen takarda, ba na cikin gida ba. Shi kansa Manzoni harshen Milan da Faransanci suka fi zama a bakinsa. Ya fitar da littafin a 1827, bai gamsu ba, ya tafi Fulorans ya saurari yadda mutanen garin ke magana, ya dawo ya bi littafin kalma bayan kalma yana gyarawa. Sabon bugun ya riƙa fitowa kashi-kashi daga 1840 zuwa 1842, da zane-zane a ciki, kamar dai yadda muke yin na ɗaya da na biyu da na uku.

Ko da ƙasar ta haɗe a 1861, wani masanin harshe, Tullio De Mauro, ya ƙiyasta kashi biyu da rabi cikin ɗari ne kacal ke iya wannan Italiyanci. Wasu masanan sun ce ya kai kashi goma. Ko wanne aka ɗauka, abin da mamaki. Sai da makaranta da aikin soja da rediyo suka yi nasu, sannan talabijin ta ƙarasa, har da shirin yaƙi da jahilci da wani malami Alberto Manzi ya gabatar daga 1960 zuwa 1968.

A nan ne zuciyata ta rabu biyu. Kakata ta wajen uwa Basakkwaciya ce, har ta koma ga Allah ba ta daina "munka" da "sunka" da "hwara" ba. A wani littafina na sa wata tsohuwa tana magana da bakinta. Wanda ya ɗauki nauyin bugawa ya ce in mayar da ita Bakanuwa, wai masu saye za su ga kamar kuskuren buga rubutu ne. Muka yi ta ja. Hujjarsa irin ta Manzoni ce, harshe ɗaya da kowa zai fahimta, kuma ban ce ba shi da gaskiya ba, don da irin wannan Hausar littafi ke tashi daga Kano ya isa Damagaram da zangon Kumasi. Sai dai idan aka cire wa tsohuwar nan "munka", wata mata ce daban, ba ita ba. Na ƙi, na kai littafin wani wurin, ya yi jinkirin shekara guda.

Da na ji labarin Andrea Camilleri sai na ji sanyi. Mutumin Sisili ne, daga 1994 ya fara jerin littattafan ɗan sanda Montalbano, yana cakuɗa Italiyanci da harshen garinsu ba tare da neman izinin kowa ba. Mutanen Milan suka saya, suka koyi kalmomin a hankali, aka yi fim ɗin talabijin. Ya rasu a 2019 littattafansa sun shiga miliyoyin gidaje.

Su kuwa waɗanda talauci ya kora waje, kimanin mutum miliyan 14 tsakanin 1876 da 1915, yawancinsu ba su tafi da harshen Manzoni ba, don ba su iya shi ba. Da harshen ƙauyensu suka hau jirgin ruwa zuwa Amurka da Ajantina da Birazil. A kudancin Birazil har yanzu akwai jikokinsu masu magana da wani harshe da ake kira Talian, tushensa karin yankin Benis, kuma a 2014 hukumar ƙasar ta amince da shi a cikin kayan tarihinta. Mu nan harshen bai iso ba.