Wankin Ƙunzugu a Birnin Zazzau

Na san wasu 'yan'uwa ɗalibai za su yatsine fuska, su ce me ya kawo kashin yara cikin mujallar adabi. To, sai su yi haƙuri. Mu matan aure da ke karatu a Samaru muna kwana cikin birni, wannan shi ne darasinmu na farko kowace safiya, tun kafin mu nemi motar da za ta fid da mu ta Ƙofar Doka.

Duk wadda ta taɓa goyo ta san kashin jariri iri biyu ne. Muddin nono zalla yake sha, kashin ruwa-ruwa ne, rawaya, ba wani wari sai ɗan tsami-tsami kamar na kindirmo, ruwa na taɓa shi ya narke. Tun 2001 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a bar yaro a kan nono kaɗai har wata 6, watau dai wata 6 ɗin nan hutu ne ga mai wanki. Amma ran da aka fara ba shi koko, aka bi da kunun gyaɗa, aka lasa masa tuwo da miyar kuka, to, hutu ya ƙare. Kashi ya yi kauri, ya yi duhu, ya kama ƙyalle, ga wari irin na manya. Wani lokaci har kina iya gane abin da ya ci jiya, don cikinsa bai gama koyon niƙa ba.

Yarona (ba na faɗin sunansa, ɗan fari ne) yana ɓata ƙunzugu shida ko bakwai a yini. Wanda ya yi wa fitsari ba shi da wuya. Mai kashi kuwa sai na fara kankare shi da guntun kara a bakin salga, in jefa karan ciki. Sa'an nan in ɗauraye a wani tsohon bokiti da ba a yin komai da shi sai wannan, in juye ruwan cikin salgar. Daga nan a jiƙa da Omo, a cuɗa, a kwara tafasasshen ruwa, a ɗauraye har sau uku, don sauran sabulu shi ke cinye wa yaro matsematsi. Aikin nan kan ci jarka biyu ta 'yan garuwa, kuma wanda ya zauna cikin birni ya san famfon Zariya ba abin dogaro ba ne, balle da bazara in rijiyoyi suka ja baya.

A kan ruwan ɗaurayar farko muka sami saɓani da surukata, wadda duk gida ke kira Inna. Ta ga ina ɗaukar bokiti har bayan gida, ta ce, "Ke 'yar nan, wahalar me kike ba kanki? Zuba a rariya mana. Ai kashin yaro ba kashi ba ne." Na ce, "Inna, Allah ya ba ki haƙuri, rariyar nan ta gefen rijiya ta bi." Haka kuwa abin yake. Rariyar gidanmu ta ratsa tsakar gida, ta gifta rijiya, ta fita lungu inda yaran unguwa ke wasan ƙasa. Masana lafiya sun nuna kashin ƙaramin yaro ya ma fi na babba ɗaukar ƙwayoyin cuta, domin yara su suka fi yawan gudawa. Mu kuwa in yaro ya fara zawo sai mu ce haƙori ne, alhali lokacin fitar haƙori shi ne lokacin rarrafe, da cusa komai a baki, da fara cin abincin da ƙuda ya sauka a kai. Inna da kanta takan ba da labarin annobar amai da gudawa ta 1971, amma ba ta yarda akwai dangantaka tsakanin wancan bala'i da bokitina ba. Ban ja da ita ba. Na ci gaba da kai ruwana salga, ita kuma ta ci gaba da yi mini dariya.

Shanya ma da nata ilmin. Rana mai zafi tana kashe ƙwayoyin cuta, tana kuma cinye tabon da sabulu ya kasa. Sai dai a igiya, ba a ƙasa ba, ba kuma a inuwa ba, saboda akwai wani ƙuda da ke yin ƙwai a kan damshin ƙyalle mai ƙanshin fitsari, tsutsar ta huda fatar yaro ta zama kamar maruru. Dutsen guga mai zafi ke maganinsa. A watan Agusta, in sama ta ɗinke kwana uku, ɗakina kan koma kamar shagon mai wanki da guga, littattafai a gefe guda, ƙunzugu a kan ƙyaure.

Malamanmu na fiƙihu ba su ƙyamaci zancen ba. A Muwaɗɗa akwai hadisin jaririn da bai fara cin abinci ba, wanda ya yi fitsari a tufar Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ko da yake a mazhabarmu ta Malikiyya wankewa ake yi ko yaro ya fara ci ko bai fara ba. A Muhtasar kuma an yi wa mai shayarwa rangwame kan abin da ya taɓa tufarta in tana iyakar ƙoƙarinta, an so ta keɓe zanen salla daban. Nawa yana rataye a ƙusa bayan ƙofa.

Wata za ta ce, ina Pampers? Tun 1961 aka fara sayar da shi a Amurka, yanzu kuwa ba kantin da babu irinsa. Ni ma nakan sa wa yaro ran da nake da lacca tun safe. Amma kuɗin na mako guda ya isa cefanen kwana biyu, kuma a leƙa kwatocin birni da kududdufai bayan ruwan sama a ga inda yake ƙarewa, da kashin a ciki, awaki na ja.

Dabarar da ta fi rage mini wanki daga wajen Inna ta fito. Da asuba, yaro na farkawa, sai ta miƙe ƙafafu, ta zaunar da shi a kan ƙwaurinta yana fuskantarta, fo a ƙasa, tana yi masa wasa har ya yi. Ta ce haka ta yi wa 'ya'yanta tara, ba ta taɓa sayen nafkin ba. Cikin mako uku ya gane, har in an makara sai ya yi ta miƙa yana nema. Fon dai ni ke ɗauka zuwa salga.