Abin da Alis Ta Tarar a Ramin Zomo

Ranar 4 ga watan Yuli na shekarar 1862, wani malamin lissafi na birnin Oksfod a ƙasar Ingila, mai suna Charles Lutwidge Dodgson, ya shiga kwale-kwale tare da abokinsa da ƴan mata uku, ƴaƴan shugaban kwalejin da yake koyarwa. Don ya rage musu nisan tafiya, sai ya riƙa ƙaga musu labarin wata yarinya da ta bi farin zomo cikin rami. Ta tsakiyarsu, Alis Liddell, mai shekara 10, ta nace masa sai ya rubuta mata labarin. A 1865 littafin ya fito da sunan aro, Lewis Carroll, da zanen John Tenniel. A 1869 Henri Bué ya juya shi zuwa Faransanci. A 1871 kuma na biyunsa ya biyo baya, inda Alis ta ratsa madubi. Mahaifin yarinyar, Henry Liddell, ɗaya ne daga cikin mutum biyun da suka wallafa shahararren ƙamus na Girkanci da Ingilishi. Ashe wadda aka yi wa tatsuniyar ta tashi ne a gidan da ake auna kalma kamar yadda maƙerin farfaru ke auna zinariya.

Na daɗe ina tambayar kaina abin da ya sa wannan littafi, wanda za mu iya kira Alis a Ƙasar Al'ajabi, ya kama ni, ni da na tashi a gindin tatsuniyoyin kaka. Amsar da aka saba bayarwa ita ce sihiri: zomo mai falmaran da agogon aljihu, kwalbar da ke ƙanƙantar da mutum, kyanwar da ke ɓacewa ta bar murmushinta a kan reshe. To, amma wa zai burge ɗan Bahaushe da sihiri? Mu da muka san Gizo da Ƙoƙi, muka san Dodo mai hana ɗiban ruwa, muka ji tsohuwar da ke roƙon a cuɗa mata baya a bakin rafi, dabba mai magana ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Kai wa Bahaushe wannan kaya tamkar kai gishiri Bilma ne.

Ƙofar shiga ma iri ɗaya ce. Idan kaka ta ce ga ta nan, ga ta nan ku, ta buɗe mana namu ramin zomo. Idan ta ce ƙurunƙus, ta farkar da mu kamar yadda Alis ta farka a cinyar yayarta. Bambancin yana ciki. A duniyar tatsuniya komai na iya sauyawa, amma abu biyu ba sa motsi: adalci da magana. Marainiya mai ladabi za ta komo da dukiya, ƴar bora za ta ɗaukaka, mai kwaɗayi zai sha kunya. Kalma kuwa tana nan daram. Ko Gizo, da tsamin bakinsa da duk yaudararsa, ya san ma'anar abin da yake faɗa, shi ya sa yaudarar ke ci. A ƙasar Alis kuwa, abin da aka yi wa asiri shi ne harshen kansa.

Dubi zaman shayin nan da Alis ta faɗa cikinsa. Zomon daji ya yi mata tayin giya, ta duba tebur ba ta ga komai ba sai shayi, shi kuwa ya amsa ba kunya cewa lalle babu. Daga baya aka ce ta ƙara shayi, alhali ko kurɓi ɗaya ba ta yi ba. Mai Malafa ya yi musu kacici-kacici, da suka gaza aka nemi amsa, sai ga shi shi ma bai sani ba. Babu jimla ɗaya a cikin waɗannan da ta karya dokar nahawu, amma kowace ta karya wata yarjejeniya da masu hira ke ɗauke da ita ba tare da sun rubuta ba: ba a tayin abin da babu, kalmar ƙari tana tsaye ne a kan abin da ya riga ya gabata, mai kacici-kacici yana riƙe da amsa. Sai a 1975 Paul Grice ya wallafa maƙalarsa a kan ƙa'idojin haɗin kai a zance, waɗanda muke haddacewa don jarrabawa. Shekara 110 kafin nan, malamin lissafi ya riga ya nuna su ga yara ta hanyar tattake su ɗaya bayan ɗaya. Yaro kuwa yakan ƙyalƙyace da dariya a daidai wurin, wanda ke nuna ya san dokar tun ba a gaya masa sunanta ba.

A Faransanci na fara karanta littafin, ina ajin kwaleji, kuma abin da ya fara taɓa ni ba abin dariya ba ne. Alis, bayan ta tsawaita ta gajarta har ta soma shakkar ko ita ce, sai ta gwada kanta da karatun makaranta. Ta ja lissafi, huɗu sau biyar ya ba ta sha biyu. Ta ja sunayen manyan birane, suka cakuɗe. Ta ja waƙar hadda, kalmomin suka fito a karkace. Sai ta fashe da kuka. Na san wannan kuka. Duk wanda aka kai lakwal yana ɗan shekara bakwai, bakinsa cike da Hausa ko Zabarmanci ko Fulatanci, ya san shi. A gida kai ne gwanin zance, kana karin magana, kana zaurance da abokai. Da ka tsallaka ƙofar aji sai ka koma bebe, muryarka ta ƙanƙance kamar ka sha daga kwalbar Alis. Manyanmu sun ba mu labarin sambol, abin nan da ake rataya wa yaro idan harshen uwa ya suɓuce masa. Mu ba mu tarar da shi ba a ajinmu, amma mun tarar da inuwarsa.

Akwai wani wuri da ya fi wannan kusa da mu. Alis tana iyo cikin tafkin hawayenta, ta gamu da kusu, ta yi masa magana bai amsa ba. Ta ce a ranta wataƙila Bafaranshe ne, sai ta jawo jimlar farko da ke cikin littafinta na koyon Faransanci. Jimlar kuwa tambaya ce a kan inda kyanwarta take. Kusu ya zabura, jikinsa na ɓari. Jimlar daidai take, ba kuskure ko ɗaya a cikinta, amma ba ta san wanda take gaya wa ba. Wannan shi ne harshen hadda: yana da nahawu, ba shi da ido. Sau nawa muka tsaya gaban allo muka rera irin wannan jimla, mushe ya ce madalla, alhali ba mu san kusu daga kyanwa ba?

A littafi na biyu ne Carroll ya fito da maganar fili. Wani ƙwai mai girman kai, Humpty Dumpty, yana zaune bisa katanga, ya shaida wa Alis cewa kalma tana ɗaukar duk ma'anar da ya ga dama ya ɗora mata. Da ta yi masa gardama, ya nuna mata cewa batun na iko ne, wa ke mulkin wa. Ɗalibin kimiyyar harshe zai tuna da Saussure, wanda aka buga darussansa a 1916: babu wata igiya ta halitta da ta ɗaure sauti da ma'ana. Ƙwan ya riƙe rabin gaskiyar, ya saki rabin. Don babu igiya ta halitta, shi ya sa igiyar jama'a ta zama dole. Mutum ɗaya ba ya kwance ta. Amma mai iko yakan gwada. Sarauniyar karta, wadda ba ta da magani ga kowace matsala sai a sare kai, ta nemi a yanke hukunci kafin a tabbatar da laifi a shari'ar satar gato. A nan ne Alis, wadda ta komo cikakken tsawonta, ta dube su ta kira su da sunansu na gaskiya, wato takardun karta, sai fadar ta watse. Mun gaji karin maganar da ke cewa abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba, kuma gaskiya ce. Sai dai wannan littafi yana tuna mana akwai ranar da manya ke ta surutu marar kai, yaron da ke tsaye a ƙasa shi ke ganin komai. Ina jin nan ne asirin son da yara ke yi masa: bai yi musu wa'azi ba, ya tsaya a bayansu.

Wurin da na fi komawa, duk da haka, shiru ne. Alis ta shiga wani daji inda abubuwa ba su da suna. Ta manta nata, ta manta na itacen da ta dafa. Ta gamu da ɗan barewa, shi ma ya manta ko shi wane ne, suka jera, hannunta a wuyansa. Suna fita fili sunaye suka komo. Ɗan barewa ya tuna shi barewa ne, ita kuwa ƴar Adam, sai ya zura da gudu. Mu da muke ciyar da shekaru muna yabon harshe, muna cewa shi ne ya ɗaga mutum bisa dabba, ya kamata mu tsaya a nan. Suna yana haɗawa, yana kuma rabawa. A ƙasa irin tamu, inda yara ke wasa tare a tsakar unguwa kafin a koya musu wane Bahaushe, wane Buzu, wane Bazabarme, wannan ɗan barewa ba baƙo ba ne.

Wani lokaci nakan zauna ina gwada yadda Alis za ta yi Hausa. Yawancin wasan Carroll ya tsaya ne a kan kalmomin da ke da furuci ɗaya da rubutu daban. A Ingilishi wutsiya da labari sauti ɗaya gare su, shi ya sa aka jera labarin kusu a shafi yana lanƙwasa kamar wutsiya. Mu namu akasin haka ne: rubutu ɗaya, furuci daban, tunda ƙa'idar rubutunmu ba ta nuna karin sauti da tsawon wasali. Mai fassara ba zai bi sawun marubucin kalma da kalma ba, sai ya haƙa nasa ramin. Ga kuwa wurin haƙa. Lokacin da Alis ta gutsuri laimar kwaɗi wuyanta ya miƙe har ya wuce itatuwa, kurciya ta ɗauke ta maciji, Bahaushe yana da kalma ɗaya a rubuce ga gaɓar da ta tsawaita da wahalar da ta jawo: wuya ya jawo wuya. Tafkin kuka kuma, kusu zai iya tsayawa yana neman inda itacen yake. A littafi na biyu akwai sarkin da ya ɗauki kalmar da ke nufin rashin mutum a matsayin sunan wani matafiyi. Faransanci ya samu wannan a ɓagas, domin personne tana ɗauke da ma'ana biyun. A Hausa kuwa kowa jama'a duka ce, sai korewa ta kewaye ta take komawa babu. Wanda ya warware wannan ƙulli ya cancanci digirinsa.

Tun 1973 aka soma gwada koyarwa da Hausa a Damagaram, a 2025 kuma aka ayyana ta harshen ƙasa. Amma harshe ba ya rayuwa a takardar doka kaɗai, ko a littafin koyon baƙaƙe da na tsabtar jiki. Yaro yana riƙe harshen da ya ba shi dariya. Muna da zaurance, da karangiya, da kacici-kacici, da bakin Gizo. Abin da ya rage shi ne masu rubuta littafin da ƴar shekara 10 a Tawa ko Maraɗi za ta ɓoye ƙarƙashin kaye tana karantawa. Wanda ya rubuta Alis malamin jami'a ne da ya san dokokin tunani har ya iya wasa da su. Mu ma muna nan muna koyon dokokin namu harshe, kuma ƙannenmu suna zaune cikin kwale-kwale suna jiran labari.